Famfon Keziya

Idan ka shiga ƙauyen nan na gindin duwatsun Kagoro ta hanyar majami'a, abin da za ka fara tararwa shi ne wani tankin siminti mai kawunan famfo huɗu. Shekara goma sha ɗaya tankin nan ya yi bai ga ɗigon ruwa ba. Mata suna shanya barkono a kan dandamalinsa, awaki suna hutawa a inuwarsa, kuma duk wanda ya yi alkawari a garin bai cika ba, sai a ce ya zama famfon Keziya. Har a gabanta ana faɗa, wani lokaci a manta tana wurin, wani lokaci kuma ba mantuwa ba ce.

Keziya 'yar Zamani ce, manomin citta kuma dattijon ikilisiya, mutumin da tun 'yarsa tana firamare yake gaya wa duk wanda ya tsaya gaishe shi cewa injiniya za ta zama. Kuma ta zama. Ita ce mace ta farko a ƙauyen da ta kawo digirin injiniya gida, aka yi sujadar godiya a majami'a, zumuntar mata suka yi anko suka cashe. Aikin injiniyan ne dai bai samu ba. Ta zaga ofisoshi har takalminta ya cinye, daga ƙarshe ta karɓi alli a wata makarantar mishan a Kafanchan tana koyar da fiziks. Can ta auri Dickson, ma'aikacin jinya, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa cin ta a gardama ba, kuma har yau bai daina gwadawa ba.

Damuwar ƙauyensu ruwa ce. Da rani ya kama rijiyoyi sukan ƙafe, mata su koma hawan dutse zuwa wani idon ruwa da ba ya yankewa, tafiyar kusan awa guda, su sauko da baho a ka. Mahaifiyarta, Mama Tamar, tun aurenta take wannan hawa. Keziya ta ari kayan awo ta auna, ta ga idon ruwan ya fi tsakiyar gari tudu da mita goma sha takwas, tsakaninsu kuma kilomita biyu da 'yan kai. Ta ce wa dattawa ba a bukatar inji, ba a bukatar fetur, a shimfiɗa bututu kawai ruwa zai gangaro da ƙafarsa. 'Yan garin da ke aiki a Kaduna da Abuja suka aiko da bututai. Ta zana layin a takarda, daga dutse ya sauka kwari, ya ratsa ƙasan gonar mahaifinta, ya ɗan hau zuwa tanki. Sannan ta bi ta kafa turaku masu jan fenti, don kowa ya ga inda zai tona.

Aka kira gayya, aka raba wa kowace unguwa nata yankin. Wanda ya ja ragamar aikin shi ne Baba Meshak, tsohon ma'aikacin reluwe, aminin Zamani tun suna yara. Mako biyu ana tono ana shan kunu ana waƙa. A mako na uku Zamani ya yanke jiki ya faɗi a gona, kafin a kai shi asibiti ya cika. Aka binne shi a cikin gonarsa, kamar yadda ya sha faɗa cewa nan yake so. Keziya ta shiga zaman makoki tare da uwarta, masu gaisuwa suna ta zuwa daga Madakiya, daga Zonkwa, daga ko'ina. Gayya kuwa ba ta tsaya ba, saboda damina ta ƙarato. Ranar da Keziya ta fito, an gama shimfiɗa bututu an rufe rami. Ta duba aikin ta saman dutse, ta duba wajen tanki, amma gonar ba ta iya takawa ba, tun ranar jana'iza zuciyarta ta ƙi wurin.

Ranar buɗewa Fasto ya yi addu'a mai tsawo, mata suka jera bahuna, aka aika a murɗe kan bututu a can saman dutse. Aka jira. Famfo ya yi tari sau biyu, ya huro iska, sai ya yi tsit. Aka ƙara jira har rana ta karkata. Babu wanda ya zage ta. Matan dai suka ɗauki bahunansu ɗaya bayan ɗaya, da ankon jikinsu, suka kama hanyar dutse. Keziya ta tsaya tana kallon bayansu, kunya kamar ta nutse.

Bayan nan babu abin da ba ta gwada ba. Ta wanke bakin bututu, ta canza kan murɗawa, ta bi jeji tana neman inda ƙasa ta jiƙe ko yoyo ne. Masu bayani kuwa sun yi yawa, don a ƙauye ba a rasa masani. Wasu suka ce dutsen ne bai yarda a ɗauki ruwansa ba. Wasu suka ce akwai zunubi a gari. Maza a gindin mangwaro suka ce ai dama injiniyancin mata ke nan, kuma masu faɗar haka ko hanyar idon ruwan ba su sani ba. Keziya ba ta tanka wa kowa. Ta naɗe zanenta ta ajiye a ƙasan akwati, duk hutun makaranta ta fito da shi ta sake dubawa, ta kasa ganin inda ta kuskure.

Tana da shekara arba'in da biyar ta dawo gida wata rana da fom ɗin digiri na biyu. Dickson ya juya takardar gaba da baya.

"Maman Caroline, mastas a wannan shekarun? Firomoshon kike nema?"

"Ba firomoshon ba ne."

"To mene ne? Yaran da za ki zauna da su, wasu ke kika koya musu."

"Baban Caroline, ruwa ba ya ƙin gangara haka kawai. Akwai dalili, kuma abin da na karanta bai kai ni ga dalilin ba. Zan je inda za a koya mini."

Ya buɗe baki zai ƙara, ya dubi fuskarta, sai ya tambaye ta ko tana da hotunan fasfo.

Karatun na ƙarshen mako ne. Kowace Juma'a ta tashi daga makaranta ta shiga bas, Lahadi da yamma ta dawo. 'Yan ajin suka sa mata suna Momi, suna ba ta kujerar gaba. Darasin da ya kai ta shi ne lissafin motsin ruwa, kuma mai koyarwa, Dakta Alexander, ya girmi 'yarta da kaɗan ne kawai. Ranar farko ya cika allo da wani dogon lissafi mai ɗauke da sunayen Turawa biyu, alamomi sun hau kan juna kamar tururuwa, ya juyo ya ce wannan shi ne dokar duk wani ruwa da ke motsi, daga na cikin kofi har na teku. Keziya ta kwafe tsaf, ba ta gane ko layi ɗaya ba. A jarabawar farko ta faɗi warwas. Mutum biyu daga cikin samarin ajin suka ajiye karatun, ita ta sake rajista.

A zagaye na biyu ne kanta ya fara buɗewa. A digirinta na farko haddace ƙa'idoji aka sa su, a zuba lambobi a sami amsa. Yanzu sai an gina ƙa'idar daga tushe. Ka ɗauki ɗan mitsitsin ruwa a zuciyarka, ka lissafa duk abin da ke taɓa shi: nauyinsa da ke jan sa ƙasa, matsin da ke tura shi ta baya da wanda ke tare shi ta gaba, da gogar da yake yi da ruwan da ke gefensa. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne, ruwan da ke manne da jikin bututu ba ya motsi ko kaɗan, na tsakiya ne ke gudu, yana jan na gefe suna riƙe shi, a haka ƙarfinsa ke zubewa kaɗan-kaɗan a hanya. Tana lissafi a ofishin malamai lokacin tara, tana yi a bas da littafi a cinya har kwandasta ya san kada ya dame ta. Ɗalibanta na fiziks suka ga canji, don Malama ta daina karɓar amsar da ba a nuna daga inda ta fito ba.

Wata Asabar Dakta ya zana bututu a allo, ya ja wani layi a samansa mai gangarowa daga tushe zuwa bakin famfo. Ya ce wannan layin ƙarfin ruwan ne, yana raguwa saboda goga, kuma duk inda bututu ya ɗago ya haye saman wannan layi, mai aikin ya shiga uku. Keziya ta ajiye biro. Ta tuna cewa a wancan lokacin ta raina gogar nan, lamba kawai ta tsinta a bayan littafi ta saka. Ta koma gida ta fito da zanen. A gaskiya fata take laifin ya zama nata, ko ba komai ta san abin da za ta nemi gafara a kai. Ta sake lissafin daga farko, ta hanya uku daban-daban. Kuskurenta yana nan, amma ƙarami ne. Duk da shi, ya kamata famfon ya cika bokiti cikin ƙasa da minti ɗaya.

Ta kai wa Dakta takardun a ofis. Ya bi su layi-layi da bakin biro, ya ɗago kai.

"Madam, lissafin nan daidai ne. Idan bututun yana inda kika zana shi, dole ruwa ya zo."

"Shekara goma sha ɗaya bai zo ba, Dakta."

"To ba ya inda kika zana shi. Kin gan shi da idonki, daga farko har ƙarshe?"

Akwai wuri ɗaya da ba ta gani ba, kuma ta san ko ina ne.

Da aka yi hutun Kirsimeti ta sami rodi mai tsini da doguwar tiyo mai haske irin wadda magina ke gwada daidaito da ita, ta tasa Dickson gaba ya riƙe ɗaya bakin. Suka fara daga idon ruwa. Duk taku goma ta soka rodin a ƙasa har ta ji ya taɓa bututu, ta auna, ta rubuta. Kwana biyu suna saukowa, komai yana kan layi. A rana ta uku suka iso bakin gonar. Daga nan tana hango kabarin, simintinsa ya yi baƙi, ciyawa ta kewaye shi. Ta sunkuyar da kai ta soka rodi, ya shige bai taɓa komai ba. Ta soka gaba, babu. Ta dawo baya tana lalube, sai ta sami bututun ya karya hagu. Ta bi shi, yana hawa, yana hawa, har saman tudun da ke bayan gonar, daga can ya gangara ya koma kan layi.

Ta auna ƙololuwar tudun. Mita uku kacal idon ruwan ya fi shi. Ta zauna a kan dutse ta buɗe littafi, cikin minti goma ta ga abin da ya faru. Ruwan farko ya tsallaka tudun ya taru a kwarin da ke gaba ya toshe hanya, iskar da ke cikin gangaren ta rasa mafita, ƙarfin mita uku kuwa bai isa ya ture ta ba. Iskar nan tana zaune a wurin tun ranar da Fasto ya yi addu'a.

Ba ta ko wanke ƙafa ba ta nufi gidan Baba Meshak. Ta same shi a kujerar ƙofar gida, ido ya fara dushewa. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Baba, na ga inda bututu ya bi."

Tsohon ya juyo wajen muryarta.

"Ɗiyana, turakun da ka kafa, ya bi kusa da inda mun sa abokina. Mutum ko sati bai yi a ƙasa ba, mu zo da diga muna buga a kunnensa? Mun ce ruwa daga sama yake zuwa, wannan ƙaramin tudu ba zai hana shi ba."

"Me ya sa ba ku gaya mini ba, Baba?"

"Lokacin kana kuka. Da ruwa ya ƙi kuma, kunya ya kama mu. Ni na yi ta tunani ko shi ne, amma ban san yadda zan fara ba."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Maza kusan arba'in suka tona wannan yanki, kuma a cikinsu akwai masu zama a gindin mangwaro suna dariyar injiniyancin mata. Amma tsohon da ke gabanta don ƙaunar ubanta ya yi, ga hawaye yana bin gemunsa. Ta rasa inda za ta sauke fushin, sai ta ce masa gobe da safe tana son mutum huɗu da diga.

Aka tone bututun a saman tudu, ta huda shi. Iska ta fito da ƙara har mutanen suka ja da baya. Bayan awa guda aka ji ihu daga gari, famfo ya fara zuba. Sai dai siririya ce kamar zaren ɗinki, bokiti ɗaya ya ci kusan rabin awa. Dattawa suka ce alhamdu, a gode wa Ubangiji, a bar shi haka. Keziya ta ce a'a. Ta tsaya a gabansu a harabar majami'a ta zana musu a ƙasa da tsinke. Muddin ruwa sai ya hau tudun nan, ƙarfin mita uku kawai yake da shi, goga kuma ta cinye shi a hanya, mutum ɗari shida ba za su sha daga wannan ba. Dole bututu ya sauko ya bi ta gona. Ta sake awo ko za a iya nisanta bututun da kabarin, amma gefe ɗaya falalen dutse ne, ɗaya gefen tudun. Iyakar abin da ta samu taku huɗu ne daga kabarin.

Dattawa suka dubi juna. Suka ce wannan ba maganar gari ba ce, maganar gida ce, kuma babu wanda zai ɗaga diga a wurin sai matar marigayi ta yarda da bakinta.

Keziya ta sami Mama Tamar a tsakar gida tana ɓare gyaɗa, ƙafafu a miƙe, don gwiwoyinta sun daina lanƙwasuwa shekara uku da suka wuce. Ta zauna kusa da ita ta fara bayani a hankali, tana zaɓen kalmomi. Tsohuwar ta katse ta.

"Na sani. Meshak bai gaya miki duka ba. Ni na aika aka kira shi, ni na roƙe shi su kauce."

Keziya ta zuba mata ido.

"Ban iya ba, Keziya. Ina ɗaki ina jin ƙarar diga yana matsowa wurinsa. Da ruwa ya ƙi, na ce a raina ko ni ce. Sai na ɗauki baho na ci gaba da hawa, na ce bari in sha wahalan. Ban yi tunanin naki wahalan ba, ina ji suna kiran sunanki na yi shiru. Ki yafe mini."

Keziya ba ta yi kuka ranar buɗe famfo ba, ba ta yi ranar da ta faɗi jarabawa ba, amma a nan ta kifa kai a cinyar uwarta ta yi mai isarta. Da ta ɗago ta ce, "Mama, taku huɗu ne. Ba zan taɓa shi ba."

"Ki kira gayya ran Asabar," in ji tsohuwar. "Ki ce wa mijinki ya zo da mashin ya ɗauke ni."

Ran Asabar da hantsi maza suka taru a bakin gonar da diga da shebur, kowa yana jiran wani ya fara. Dickson ya sauke Mama Tamar, ta dafa kafaɗar 'yarta suka taka har wurin turken farko. Ta karɓi fartanya daga hannun wata mata, ta juya wajen kabarin ta ce, "Zamani, ruwan 'yarka ne zai wuce. Ka yi haƙuri da ƙara." Ta ɗaga fartanyar da kyar ta sara, ƙasar da ta ɓanɓaro ba ta cika tafin hannu ba. Baba Meshak ya sa aka riƙo shi ya yi sara na biyu. Daga nan maza suka shiga, babu waƙa a wannan karon, kafin la'asar rami ya haɗu da tsohon layi ta kowane gefe.

Ranar Litinin aka haɗa bututu. Keziya ta hana a rufe ramin sai an gwada. Jama'a duk suka tafi wajen tanki, ita ta tsaya a gonar ita kaɗai, ta sauka cikin ramin daidai kabarin ta ɗora tafin hannu a kan bututun. Rana ta gasa shi, da zafi. Ta lissafa cewa daga murɗawa zuwa nan zai ɗauki wajen minti arba'in, ta duba agogo, ta jira. Sai ta ji wata 'yar rawa a ƙarƙashin hannunta, robar ta fara sanyi, sanyin yana tafiya ta wajen gari. Ba ta ɗauke hannun ba har guɗar mata ta iso ta daga nesa, ɗaya, sannan da yawa.

"Baba, ga shi nan yana tafiya," ta ce.

Ta fito daga ramin, ta cire ciyawar da ke gefen simintin, sannan ta ɗauki shebur ta fara mayar da ƙasa.